Gwangwanin Reluwe Ya Tona wa Iya Asiri

Tun bara Iya Kubura, mai ƙosai a unguwar Sauka Kahuta, take riƙe da jikanta Mudi a ciki, ranar da ya ce man gyaɗar da take matsa da hannunta zai iya zama da guba. Da muciya ta raka shi har bakin titi. Yau ga shi ya sauko daga jami'a, can Gidan Kwano, da 'yar jaka, ya tarar tana shirin suya.

"Lafiya lau, maigida. Ashe ka tuna kana da mata? Ko yunwar boko ce ta koro ka?"

"Ai na sake ki tun da haƙoranki suka ƙare. Gwaji na zo yi wa mai. In akwai dalma a ciki, yau babu suya."

"Dalma! Shekara arba'in ina ciyar da unguwar nan, ubanka ma da man nan ya yi wuya. Harshena ne injin gwaji."

"Harshen da goro ya kashe?"

"Ya dai fi hancin nan naka mai kama da bakin buta."

Mudi ya ɗiga man da ta matsa da safe a kan 'yar takarda, ya bi shi da wani ruwa. "In ta yi ja, akwai dalma."

Iya ta zura wa takardar ido. In ta yi ja, wa zai ƙara tsayawa gaban kaskonta? Minti biyar, takarda fara tas.

Iya ta rangaɗa guɗa. "Boko ya sha ƙasa!"

"Saura wancan." Ya nuna tsohon gwangwanin fenti da marigayi kakansa ya kawo daga aikin reluwe, inda take tara man ajiya.

"Kul! Kakanka ya fi ka komai, har gwangwani."

Ya ɗiga. Takarda ta yi ja wur.

"Manki lafiyayye ne, tsohuwa. Ragowar fentin ce ke zuba masa dalma."

Iya ta daɗe tana hararar gwangwanin. "Kai, Malam! Kana kabari ma sai ka ja mini magana?" Sai ta tuntsire da dariya, ta juye man ajiyar a rami, ta yi suya da na safe, ta cika wa Mudi kwano.

"Ungo, ci ka yi kumatu. Tsohon miji ya ba ni gwangwani ya cuce ni. Sabon miji, gobe ka kawo mini jarka sabuwa fil, in ba haka ba muciyar bara tana nan."