Ranar da na kifa ɗana cikin kwandon kaji

Ba zan taɓa mantawa da wannan tsakar rana ba. Kowa ya tafi kasuwar Urafane, gari tsit, ko akuya ba ta kuka. Ina surfe sai na ga mace tsaye a tsakar gida. Ban ji sallamarta ba, ban ji takunta ba. Tana riƙe da wani baƙin allo mai haske kamar babbar wayar salula.

Ta duba allon ta ce, "Ina Iya Tabawa?"

Iya Tabawa uwar mijina ce, wata bakwai da rasuwa. Sai ta sake dubawa ta kira sunan ɗana, na yanka, wanda babu mai kiransa da shi a gidan (ni ma ba zan faɗa ba, ɗan fari ne). Har ƙyandar da ya yi bara ta sani. A raina na ce, mayya ce, ta zo da rana tsaka.

Na ce mata bari in kawo ruwa. Na zaga bayan rumbu inda yake wasa, na kifa masa kwandon kaji, na dawo hannu wofi.

"Babu yaro a gidan nan, Madan."

Ta sassauta murya. "Allah sarki, ƙanwata. Ya rasu ne? In rubuta?"

Yatsanta na saman allon. A rubuta ɗana cikin matattu, da bakina! In na ce yana nan, ta cinye shi. Ina tsaye, sai ga kwando ya fito daga bayan rumbu, yana tafe a hankali, shi kaɗai.

Ita ta fara ihu.

Ashe ƴar anket ce, masu zuwa kowace shekara su auna yara su yi tambayoyi. Iya ce ta shigar da shi ina wankan gida, ita ce kuma ke amsa musu duk zuwan da suka yi. Takardar da suka bari, mai bayanin komai har watan dawowarsu, tana ɗakina. Na ɗauko mata, jiki duk mai, don daddawa na ƙunshe a ciki. Lakwal, wato boko, aji biyu na yi, ban san abin da ta ce ba.

Ta auna shi da gashin kaza a kansa, tana dariya har da hawaye.

Yanzu kowace takarda ta shigo gidan nan, sai an karanta mani kafin ta ga daddawa.