Ranar da Aka Gurfanar da Gwadabe a Rumfar 'Yan Kaji

"...gida lafiya, Miga lafiya, Goggonki tana gaishe ki. Ni kaɗai ne ba lafiya ba, tunda aka aiko ni wurin lauyar kaji."

Gwadabe ne ya faɗi haka, ko babur ɗin bai kashe ba, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar rumfar 'yan kaji ta wata kasuwa da ke gefen Dutse. A hannun babur ɗin zabi uku ne suke reto, an ɗaure musu ƙafafu da tsumma, kawunansu a ƙasa, bakunansu a buɗe. Saƙon mahaifiyarsa ne zuwa ga 'yar ɗan'uwanta.

Wadda ya kira lauyar kaji kuwa Khaulat ce, 'yar kawunsa, ɗalibar shari'a a jami'a. Ita ta kafa ƙungiyar ɗaliban shari'a masu kare haƙƙin dabbobi, ita ce kuma shugaba. Idan tana kusa, Gwadabe cewa yake yi ranar da aka naɗa ta jakunan Jahun sun yi guɗa har la'asar. Idan ba ta nan, a tashar 'yan acaɓa ta Miga, labarin daban ne: wai shugaban jami'a da kansa miƙewa yake yi idan ta shigo aji, kuma duk wanda ya yi mata dariya ba ya ƙara hawa babur ɗinsa ko da ƙafarsa ta karye.

Taron da Gwadabe ya faɗo cikinsa a rumfar shi ne ran ƙungiyar. Rabin 'ya'yanta sun gudu, don sun gaji da yadda 'yan ajinsu suke yi musu carar zakara duk inda suka gifta. Ragowar sun gaya wa Khaulat in yau ma ba a saurare su ba, kowa ya kama gabansa. Tun kafin damina take zarya wurin Sarkin 'yan kaji, Malam Barau, har ya yarda ya tara mata dillalansa, amma ya ce sau ɗaya ne tak. Roƙonsu bai da yawa: a daina rataye tsuntsu kai a ƙasa, a sa shi a kwando, a ba shi ruwa.

Kafin ya shigo rumfar, Gwadabe ya jima a laɓe bayan buhunan gero yana kallo. Ya ga wani ɗalibi mai baƙar kwat ya karanta doka da Turanci har dillalai suka fara hamma. Ya ga Khaulat ta karɓi lasifika, ta dubi dattawa sa'o'in babanta, bakinta ya kasa furta cewa abin da suke yi zalunci ne. Sai kewaye take yi, iyayenmu kaza, ba wai muna cewa kaza ba. Da ya ga Malam Barau ya fara lalubar takalminsa da ƙafa, sai ya dubi zabin da ya rataya kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya san abin da zai tarar, ya ja numfashi ya buga babur.

Khaulat ta dubi zabin, ta dube shi.

"Bawana, kai ka rataye su haka?"

"Su suka roƙe ni. Sun ce sun gaji da kallon sama, suna so su ga kwalta."

Malam Barau ya tambaya wane ne wannan mara kunya. Khaulat ta rusuna ta ce taubashinta ne, ɗan Goggonta. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka kayanta ne, gadonsa ta ci. Dattijon ya janye ƙafarsa daga takalmin, ya gyara zama, ya ce to wannan ba mai shiga tsakani. Kowa a rumfar ya san abin da yarinya ba za ta iya gaya wa dattijo ba, za ta iya juye wa taubashinta shi a kai har da ƙari, kuma ba shi da damar fushi.

Nan take ta roƙi Malam Barau ya zama alƙali. Aka jawo benci. Ta ce tana tuhumar wannan bawa nata da azabtar da bayin Allah uku tun daga Miga.

"Baba alƙali, a rubuta ban yarda ba," in ji Gwadabe. "Ni fa na taɓa goya bijimi a babur ɗin nan daga Ringim zuwa Jahun. Da muka sauka har godiya ya yi min."

"Bijimin ne ya tuƙa, kai aka goya. Mun ji labari."

"Kuma ratayar nan magani ce. Jini yana sauka ka, ƙwaƙwalwa tana buɗewa. Shi ya sa zabin Miga suka fi ɗaliban jami'a basira. Wannan ta tsakiyar ma, da za a ba ta baƙar kwat, da tuni ta gama shari'ar nan."

"Ashe magani ne. To ai kai ka fi su buƙata, kai da ka zauna a aji ɗaya har malamin ya yi ritaya ya bar ka a ciki."

"Ƙaunata yake yi."

"Bencin ma da aka ɗaga, an ce da shatinka a jiki."

Dillalan da suka miƙe za su tafi suka dawo. Masu sayar da dusa na rumfar gaba suka leƙo. Khaulat ta juya wurin alƙali ta ce ba ta neman a yi wa wanda ake tuhuma bulala, tunda fatarsa ta riga ta saba. Abin da take roƙo kawai ya sha maganin nan nasa: ya duƙa, kansa tsakanin gwiwoyinsa, iya lokacin da za ta ɗauka tana kwance ƙullin da ya yi da hannunsa. Malam Barau ya ce an amince.

Gwadabe ya ce wannan ai hutu ne, shi da zai iya zuwa Kano a haka ya dawo bai ɗago ba. Ya naɗe riga ya duƙa. Hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin wani keji.

Khaulat ta fara sauke zabin daga hannun babur, ta kwantar da su a inuwa, ta sa aka kawo musu ruwa a murfin roba. Sai da ta tabbata kawunansu sun dawo sama sannan ta zauna a gaban ƙullin, ta shiga dubansa kamar mai karatun jarrabawa. Ƙullin kuwa irin wanda Gwadabe yake alfahari da shi ne, wanda ya ce ko aljani sai ya nemi wuƙa.

"Uwar ɗakina, ki ja bakin hagun."

"Ai ba a gaggawa a kotu."

"Wa ya juya kasuwar nan? Na ga Baba alƙali yana zaune a sama."

"Basira ce ta fara shiga. Ka daure."

"Ta isa haka. Wallahi na fara jin Turanci."

Rumfar ta kece. Wani dillali ya yi dariya har ya zame daga kan kejinsa. Idanun Gwadabe suka yi jawur, jijiyoyin goshinsa suka fito, ƙafafunsa suka shiga kaɗawa. Kafin tsumman ya warware ya zube zaune a ƙasa daɓas, yana riƙe da kai yana salati.

Khaulat ta ƙarasa kwancewa. Biyu daga zabin suka miƙe suna tangaɗi. Ta tsakiyar ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa ta faɗi. Ƙafarta ta kumbura, tsumman ya yanke ta har jini. Dariyar ta fara raguwa da kanta.

Khaulat ta ɗauke ta a hankali ta tsaya a kan Gwadabe. Shi take kallo, amma ba ta ajiye lasifikar ba.

"Kai ko kwance ƙulli ɗaya ba ka iya jira ba, kuma kana da bakin cewa a yi sauri. Ita tun daga Miga take a haka, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ba mu hana kowa yanka ba, halal ne. Amma kafin wuƙa ta hau wuyanta, amana ce a hannunka. Dokar da aka karanta ɗazu da Turanci, abin da take cewa ke nan, ba wani abu ba."

Gwadabe, da yake zaune cikin kashin kaji kansa yana juyawa, ya ɗaga kai ya dube ta. Ya so ya miƙe ya gaya wa kasuwar gaba ɗaya cewa wannan 'yar kawunsa ce, jininsu ɗaya. Maimakon haka sai ya ce a ba shi ruwa shi ma, tunda an ba zabi.

Malam Barau ya juyo wurin Khaulat. Sannan ya ce, "Yarinya, na ji wanda kika zaga, na kuma ji waɗanda kika yi da su." Ya dubi dillalansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce daga kasuwa mai zuwa duk tsuntsun da ya zo a rataye ba za a sauke shi a rumfarsa ba. Ɗaliban kuma su dawo su duba da idonsu, amma su bar Turancin a makaranta. Ya sa aka ɗauko wani kwando nasa ya miƙa wa wanda ake tuhuma.

Da taro ya watse, ɗaliban suna ta rungumar juna, Khaulat ta matso kusa da Gwadabe yana kaɗe hularsa. Ta rage murya ta tambaye shi tun yaushe yake laɓe a bayan buhunan can. Ya rantse bai san wasu buhuna ba, shi yanzu ya shigo gari. Ta ce to ƙaiƙayin geron da ke kafaɗarsa fa? Ya ce ado ne, haka samarin Miga suke yayi bana.

"To zabin nan," in ji shi, "ci za a yi, ko su ma za a sa su a jami'a?"

"Biyu za mu ci, mu gode wa Goggo. Kai ko wuya ba za ka gani ba. Gurguwar kuma ka mayar mata a kwando ta yi jinyarta. In ta isa Miga da ko gashi ɗaya a tuge, zan ɗaukaka ƙara."

Ta buɗe jakarta ta ciro rigar ƙungiya, fara, da hoton jaki a ƙirji. Ta ce tun da aka buga rigunan take ajiye masa wannan, don masu zanen ba su sha wahala ba, hotonsa na katin zaɓe ta ba su.

Gwadabe ya ɗaga rigar ya dubi jakin, jakin ya dube shi. Ya fashe da dariya har ya dafa babur.

"Kin ci, uwar ɗakina. Amma ko ba komai sun fito min da kunnuwa."

Ya zura rigar a kan tasa, ya shimfiɗa ciyawa a kwandon, ya kwantar da gurguwar a ciki, ya ɗaure shi a bayan babur da ƙulli mai sauƙi. Waɗanda suka gan shi a hanyar Miga ran nan sun ce a hankali yake tafiya har wata akuya ta wuce shi ta waiwayo. Duk wanda ya yi masa hon kuwa sai ya nuna kwandon, ya nuna jakin ƙirjinsa, ya ce a yi haƙuri, umarnin kotu ne, kuma lauyar 'yar kawunsa ce.