Kibod Ɗina Ya Kama Aikin Gwamnati

Jiya na je ofis karɓar takardar shaidar haihuwar 'yata. Ƙarfe huɗu za a rufe rajistar jarrabawarsu, in babu takardar sai baɗi.

Na tarar da layi har waje, da wata dalleliyar kwamfuta irin wadda ake latsa fuskarta. Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya sa an kwashe duk kibod, allunan buga haruffan nan, an kulle a sito, wai zamani ya wuce su. Yanzu a jikin gilashi haruffa ke fitowa. Kibod ɗin gilashin iri biyu ne, babba da ƙarami, kuma an kafa kwamitin zaɓen ɗaya, makonsa uku yana zama.

Mai buga takardun, dattijuwar da kowa ke kira Uwar Ofis, ta nuna min su.

"Duba nan, ƙanena. Babban ya rufe fom ɗin, ban ganin inda nake rubutu. Ƙaramin kuwa, yatsana ɗaya haruffa uku yake kwasowa."

"To ki zaɓi ɗaya mana, Yaya."

"Ni? In riga kwamiti? Kana so in yi ritaya ba shiri?"

Shekara talatin tana bugu ba ta duban yatsunta. Yanzu da ta ɗora su a gilashi don su huta, sai kwamfuta ta hau rubuta shirme.

Ni mai gyaran rediyo ne, kuma akwai tsohon kibod a jakata. Na tsaya ina auna abin: wanda ya karya dokar da ba ta da kai, mai laifi ne? In don 'yata kaɗai na karya, me ya raba ni da manyan da nake zagi? Wani tela da ke bayana ya zungure ni.

"Malam, uku da rabi. Ka yi wa'azinka a gida."

Na jona kibod ɗin da kwamfutar. Minti biyu takarda ta fito. Na miƙa hannu in zare kayana, mutum arba'in suka zuba min ido. Na bar shi na ruga makaranta, aka yi rajista.

Da safen nan na koma ɗauka, aka ce in jira. Wai sakataren kwamiti na buga rahoto da shi.