Gyaɗar Gindin Kuka

A wani daji da ya daɗe yana yaƙi da dajin ƙetaren kogi, an yi wata babba-da-jaka mai suna Tabawa. Aikinta ta cika jakar wuyanta da duwatsu, ta je ta zuba wa abokan gaba. Ƙananan dabbobi ne ke hawa bayanta: jemage mai nuna hanya, ɓera mai kwance bakin jaka, ƙadangaru masu tsaron fukafukai, sai kurege a jela yana duban shahunan da ke biyo su.

Mahayan suna da wata al'ada. Kafin a tashi, kowa zai binne ƙwayar gyaɗa ɗaya a gindin kukar da Tabawa ke kwana. Wanda ya dawo ya tone tasa ya ci. Ta wanda bai dawo ba kuwa, ba a taɓa ta.

Tabawa kullum tana dawowa, ko da fiffike a yage. Na bayanta ne ake ta sauyawa. Cikin waɗanda suka fara hawanta, kurege Jatau kaɗai ya ga ƙarshen yaƙin, da rabin jela. Da damina ta sauka, gindin kukar ya cika da ganyen gyaɗa, Jatau ya koma can yana cire ciyawa.

Da kaka majalisar daji ta zauna kan bikin nasara. Gwanki ne shugaba, ya ba Dila, mai kula da biki, izinin magana.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbunanmu babu ko tsaba, ga baƙi za su zo daga dazuzzuka maƙwabta. Amma Allah ya dube mu. Akwai gyaɗa a gindin kukar Tabawa, ta nuna, kuma ba wanda ya shuka ta. Ina neman a cire ta a soya wa baƙi."

Jatau ya miƙe a hankali. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an shuka ta. Ta kusa da saiwa ta Cindo ɓera ce, shaho ya ɗauke shi yana riƙe da igiyar jaka. Ta bayanta ta Nomau ƙadangare ce, ranar da ya fara hawa ya faɗa kogi. Jerin can na yamma jemagu ne, ban ma gama sanin sunan wasunsu ba. Ba na neman lambar yabo, ba na neman gona. A bar musu gyaɗarsu a ƙasa."

"Malam Jatau, kowa ya san ƙoƙarinka," in ji Dila. "Amma majalisa Tabawa take aikawa, kuma Tabawa take dawowa. Mu a wurinmu ba a taɓa yin asara a gindin kukar nan ba. Abin da za mu yi wa biki ke nan."

Gwanki ya ce a ji ta bakin Tabawa. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, ido a rufe.

Ta ce, "Ni ban taɓa ganin bayana ba, ranka ya daɗe. Nauyi kawai nake ji. Mu tafi da nauyi, mu dawo sakayau. Na ɗauka duwatsun ne."

Daga nan aka shiga muhawara kan ko soyawa za a yi ko dafawa, har rana ta karkata. A ƙarshe Gwanki ya yanke cewa za a cire gyaɗar cikin girmamawa, kuma Jatau ne zai jagoranci aikin, tunda ba wanda ya fi shi sanin inda kowace take.

Jatau ya je. Kowace aka tuge sai ya faɗi sunan mai ita, masu tugewa suna cewa ya ɗan yi sauri. Da aka miƙa masa kason farko, ya ce shi wadda ya binne ya riga ya ci.

Baƙi suka ci, suka ce ba su taɓa ɗanɗana gyaɗa mai mai irin wannan ba. Washegari majalisa ta kafa kwamitin da zai duba yadda za a sake samun irin wannan amfani baɗi.