Kaya Ba Sa Kwana

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar hangen nesa, wajibi ne a fara da Shugaba, sannan a dakata a huta kafin a ambaci na biyu. Ba ya shugabantar kowa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, unguwa kuma ta karɓa saboda ladabi, ko da yake a bayan idonsa Sayi-Sayar ake ce masa.

Sana'arsa cinikin hannun jari ne ta waya, irin wanda ake saye da safe a sayar kafin yamma. Ofishinsa wani shago ne a jikin gidan kawunsa, wanda ya ba shi aro albarkacin mahaifiyarsa. A ciki akwai tebur, da fanka, da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa sai hagu, da allon kwamfuta biyu: ɗaya yana aiki, ɗayan na kwarjini ne. Nan yake wuni yana kallon layuka kore da ja. Idan kore ya hau, basirarsa ce. Idan ja ya sauko, kasuwa ce ba ta fahimce shi ba.

Duk iliminsa ya tattara shi a ƙa'ida ɗaya, wadda yake karanta wa mai aski da mai wanki ko ba su tambaya ba: "Kaya ba sa kwana. Duk abin da ke hannunka, rabu da shi kafin a rufe kasuwa." Har mai ɗakinsa ya taɓa tuhuma a kan sauran miyar da ta sa a firji.

Wata rana ya ji an ce manyan 'yan kasuwar duniya da wasan ches, wani irin dara na ƙasashen waje, suke wasa ƙwaƙwalwarsu. Ya sayo allo, ya koyi tafiyar 'ya'yan, ya kuma gano kurakuran waɗanda suka ƙirƙiro wasan. Tafiyar doki, a cewarsa, rashin tarbiyya ce. Sarki kaɗai ya burge shi, domin taku ɗaya yake yi, kuma kowa saboda shi yake mutuwa.

A daidai wannan lokaci wani tela ya nemi hayar shagon. Kawu, dattijon da ya tsufa yana buga ches da abokansa, ya zo yana kame-kamen yadda zai faɗa. Shugaba ya sauƙaƙa masa.

"Kawu, a bar hankali ya yi hukunci. Wasa ɗaya. In na ci, shago ya zauna a hannuna. In ka ci, tela ya shigo da kekensa."

"Ɗan nan, yaushe ka fara koyo?"

"Irinmu ba ma koyo, Kawu. Tunawa muke yi."

Aka shimfiɗa allo bayan azahar, mai aski da tela suna kallo. Kawu ya dubi ɗan ƙanwarsa, tausayi ya kama shi, ya ƙudura a ransa zai faɗi da gangan. Ya bar dokinsa a fili, Shugaba ya cinye. Kawu ya kuma tura sarauniyarsa bakin wani ƙaramin soja, ya kau da kai yana gyara hula har aka ɗauke ta. Tela ya fara saɓa babbar rigarsa zai tafi. Nasara ta zo har bakin ƙofa tana sallama.

Sai wayar Shugaba ta yi ƙara, alamar an kusa rufe kasuwa.

Ya dubi gabansa, ya ga dawakai da sojoji da sarauniya duk suna nan a hannunsa, ga rana ta karkata. Nan take ya tura sarauniyarsa gaban sojan Kawu.

"Ɗan nan, sarauniyarka ce fa."

"Ɗauka, Kawu. Darajarta ta kai ƙarshe, daga nan sai faɗuwa."

Kawu ya ƙi ci, ya matsa gefe. Shugaba ya bi shi da ita. Aka shiga wani irin wasa da ba a taɓa gani ba: dattijo yana gudun ganima, ganima tana bin sa lungu-lungu, har ya rasa wurin tserewa ya ci don dole. Dawakai suka bi, sojoji suka bi. Da Shugaba ya lura da 'ya'yan Kawu da ya cinye tun farko jibge a gefensa, sai ya ce ai su ma kaya ne, ya mayar masa da su kan allo da hannunsa.

Sarkinsa ya rage shi kaɗai a kusurwa, ba gaba ba baya.

Shugaba ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya fuskanci 'yan kallo. "Ku shaida, na rufe yau ba ko soja ɗaya a hannuna. Wannan ita ce ƙwarewa."

"Sarkin naka ya mutu," in ji Kawu a hankali.

"Da safe a sayi wani."

Sai da tela ya fara auna faɗin ƙofa da igiyar awonsa Shugaba ya tuna da abin da aka sa a wasan. Ya rage murya, ya nemi a ba shi zuwa ƙarshen mako ya kwashe tebur da fanka da allunansa.

Kawu ya leƙa waje ya dubi rana, ya dubi tebur, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗan nan, ni ma yau na ƙaru da iliminka. Kaya ba sa kwana."