Gawar da Vemund Ya Zo Nema

"Lafiya lau na iso, Kaka. Ke ce dai kika ƙara gajarta, saura kaɗan in taka ki a bakin ƙofa."

"Tsawon da ba ya ɗauko wa mutum komai sai yanar gizo-gizo. Cire takalman nan, ja'iri, kada ka kwaso mini dusar ƙanƙara."

Vemund ke nan da kakarsa Aslaug, ranar Alhamis kafin bikin Ista. Daga Oslo ya taso, jirgin fiton hantsi ya sauke shi a tsibirinmu. Ni ina kicin ɗinta ina feraye dankali, kamar yadda nake yi kowace shekara tun da gidajenmu biyu suka zama babu maza. Ya zo ya rungume ni, rigarsa duk sanyi, ya ce, "Inna Oddny, har yanzu kina haƙuri da tsohuwar nan?" Na ce ina yi.

Haka suke tun yana ƙarami. In ka ji sun gaisa da ladabi, to ɗayansu ba shi da lafiya. Yanzu marubuci ne, littattafan kisan kai yake rubutawa, irin waɗanda ake bin sawun mai laifi har shafin ƙarshe.

Ta riga ta aike shi ta waya, domin shagonmu ya rufe sai bayan biki: cinyar rago, yisti, da kyandirori ruwan ɗorawa na teburi. Ya buɗe jaka. Rago na nan, ga lemu, ga littattafai jere kamar tubali. Yisti da kyandir kuwa suna can Oslo. Ta tambaye shi ko da gawawwakin da ke cikin littattafan nan nasa za ta kwaɓa burodi. Ya ce burodinta da yisti da babu duk ɗaya ne, ai masunta shi suke ɗaurewa a igiya in za su tsayar da jirgi. Ta ce shi ya ci ya girma, shi ya sa kansa ya yi nauyi har bai iya riƙe aike uku.

Daga nan ta shiga ƙorafinta na kowace shekara. Makon da ake tuna mutuwar Mai Ceto, shi ne ƙasa gaba ɗaya za ta kishingiɗa da lemu a hannu tana karanta yadda aka sassara wani. Har a jikin kwalin madara sai sun buga labarin kisa. A nan ina bayanta, ban taɓa gane wannan al'ada tamu ba. Sai dai na sha ganin Aslaug ta juya kwalin tana karantawa da gilashi a kan hanci, kuma Vemund ma ya sani. Ya tambaye ta wa ya yi kisan a labarin kwalin bana. Ba ta ankara ba ta ce likitan dabbobi ne, tun daga hoto na biyu ta gane shi.

Muka zauna shan gahawa. Ya ba mu labarin littattafan da ya karanta cikin hunturun nan. Akwai wanda aka tsinci mutum a daskare a ɗakin katako na kan dutse, ƙofa a kulle ta ciki. Akwai wanda ɗan sandan mashayi ne, matarsa ta gudu, 'yarsa ba ta ɗaga masa waya. Aslaug ta ce wannan ai duk littattafan da ya taɓa ba ta labari haka ɗan sandan yake, ko babu mai aure lafiya a hukumar ne. Ya ce mai aure lafiya yana komawa gida da wuri, ba ya kama kowa. Sai ya ɗaga wani siriri, na wata mata da bai taɓa jin sunanta ba, ya ce wannan ne ya hana shi sakat. Babu jini a ciki, tsohon malamin makaranta ne kawai ya ɓace, amma da ya gama shi sai ya ji kunyar duk abin da ya taɓa rubutawa.

Ta ce ashe akwai sauran kunya a jikinsa, Allah ya saka wa matar.

Ya yi murmushi, amma bai rama ba. Ya ce tun lokacin kaka yake zama gaban kwamfuta daga safe, ya rubuta shafi, ya share shi da yamma. Bayansa ciwo. An gayyace shi karatu a wani laburare, rabin waɗanda suka zo ɗumi suka shigo ji, wani dattijo ya yi ta minshari a layin gaba. Editarsa kuma tana kiran sa, tana son littafi a hannu kafin ƙarshen bazara don ya fito daidai Ista mai zuwa.

Na lura wainar da ke gabansa ta huce, cukun da ke kanta ya bushe bai taɓa ba. Aslaug ma ta lura.

"Ba rago ya kawo ka ba. Faɗi."

Ya dube ni, ya dubi taga, inda kifi ke rataye a katakon shanya. Ya ce ya samo labarin da yake ganin zai yi. Mutum biyu sun fita teku lokacin kamun kifi, ɗaya ya dawo.

Na ajiye kofina.

Kafin a haifi Vemund, Halvard mijin Aslaug da Ottar mijina sun fita a jirgi ɗaya cikin watan Fabrairu. Igiyar ruwa ta ɗauke Halvard daga bayan jirgin, ba a ga ko hularsa ba. Hukuma ta bincika ta ce haɗari ne. Amma an san sun yi sa-in-sa a kan jirgin cikin hunturun, kuma tsibiri ba shi da faɗi. Babu wanda ya taɓa faɗa wa Ottar komai a fuska. In ya shiga shago dai sai hira ta tsaya. Haka ya zauna har Ubangiji ya ɗauke shi. A Lahadin farko bayan abin, Aslaug ce ta tsallake benci ta zo ta zauna kusa da mu a coci, da baƙin mayafinta. Da ƙyar maganar ta kwanta, kuma jikokina sunan Ottar suke amsawa.

Vemund ya yi sauri ya ce zai canza sunaye, zai canza tsibiri, har shekarar zai matsar. Aslaug ta ce a garin da muke gane mutum da tarinsa daga bayan bango, sunaye zai canza. Ta ce baɗi warhaka littafin yana shagonmu kusa da kwandon lemu, kowa zai saya don ɗan gida ne ya rubuta, su kwanta da shi ranar Juma'a.

"Wa ya yi kisan a littafin naka?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Mutum biyu a jirgi, ɗaya ya mutu, malam marubuci bai yanke ba. Tunkiya ma ta yanke."

"Kaka, ba ki gane sana'ar ba."

"Teku ce ta ɗauke shi. Rubuta haka."

Ya ce abin da ba zai yiwu ba ke nan. A irin littattafansu teku ba ta kisa, sanyi ba ya kisa, tsautsayi ba ya kisa. Mai karatu ya bi ka shafi bayan shafi don ka nuna masa mutum a ƙarshe, mai fuska da dalili. In ka ce masa ruwa ne, zai jefar da littafin, kuma ba zai ƙara sayen naka ba. Ta ce to ya kawo mai karatun nan da editar tasa su tsaya a bakin gaɓa cikin Fabrairu, su gaya wa teku ba ta kisa.

Sai ya juyo gare ni. Ban so ba, ni ba mai magana ba ce a gidan mutane.

"Inna Oddny, ke me kika ce?"

Na ce ba ni da ikon hana shi. "Kakanka naka ne, Vemund. Amma ɗayan da ke cikin jirgin nawa ne, kuma ba ya nan balle ya amsa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce shi hoto kawai ya sani, mutum da rigar saƙa a jikin bango. Duk lokacin da ya tambaya yana yaro sai a ba shi abinci. Mahaifiyarsa ba ta faɗa, kakarsa ba ta faɗa. Shi kuma bai san wata hanyar sanin mutum ba in ba ya zauna ya rubuta shi ba. Ya ce ba don edita kaɗai ba ne.

Na ga maganar ta shigi Aslaug. Ta gyara cokalin da ke daidai, ta share teburin da babu komai a kai. Sai ta miƙe zaune ta ɗaga haɓa.

"Gawa kake nema ko? Ga ni. Kashe ni."

"Kaka."

"Tsohuwa a tsibiri, jika ɗaya marar aikin yi, gida mai kallon teku. Ga fuska ga dalili. Ba sai ka canza suna ba ma, kowa zai yarda."

Ya kalle ta, sai ya shiga wasan, don bai iya barin ta ita kaɗai a fili ba. Ya ce guba zai sa mata a gahawa. Ta ce duk wanda ya taɓa shan gahawar da ya dafa ya riga ya saba da guba, ba za ta kama ta ba. Ya ce to zai turo ta daga bene. Ta ce ba ta yarda 'yan sanda su same ta siket a sama ba, ita da ke koyar da yara a makarantar Lahadi tun kafin a haifi faston yanzu. Ya ce matashin kai. Ta ce sai dai tsohon, sabon na baƙi ne. Ta kafa masa sharuɗɗa: a same ta a kujerarta, gashi a gyare, daɓe a goge, Littafi Mai Tsarki a buɗe amma ba a wurin da za a ce tana tsoro ba. Ɗan sandan kuma ya cire takalmi a ƙofa, ko mashayi ne.

"To fara, muna ji. Wa ya fara shigowa ya gan ni?"

Ya ce Inna Oddny ce, ta zo da safe kamar kullum, ta ƙwanƙwasa. Ba a amsa ba. Ta tura ƙofa, ta ji murhu ya mutu, kicin ya yi sanyi. Ta kira sunan. Ta leƙa falo, ta ga hannu a kan kujera.

A nan ya tsaya. Muka jira. Agogon bango yana ta aikinsa.

"Hannun fa?" in ji Aslaug.

"Ba zan iya ba."

"Kai da ka daskarar da mutane, ka rataye wasu, ka nutsar da wani fasto a rijiya?"

"Na san hannun, Kaka."

"Ka san shi," ta ce, a hankali. "Na Halvard ne ba ka sani ba, shi ya sa ya yi maka sauƙi. Mu mun san nasu, su biyun."

Can ƙasa jirgin fito ya yi ƙara zai koma. Ni ina addu'a a zuciyata, ban ma san me nake roƙo ba. Daga baya Vemund ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya ce jirgin nan ba zai shiga littafi ba, ko da wane suna. Ya faɗa yana kallona, ba ita ba. Na gyaɗa kai.

"Kin ci, tsohuwa. Sai dai ki gaya mini abin da zan faɗa wa edita ranar Talata."

"Ka ce mata ka samu gawa amma ta cika sharuɗɗa."

Ya yi dariya har sai da ya share ido. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce in Halvard yake son sani, to ya gyara zama, za ta ba shi shi kyauta, amma na kunne ne, ba na shago ba. Ta ce mutumin da ke jikin bangon nan, wanda ba ya tsoron teku, tsoron shanu yake kamar ransa zai fita. Akwai ranar da saniyar maƙwabta ta kore shi har ya hau rufin rumfar jirgi da kayan coci a jikinsa, ya ƙi saukowa.

Vemund ya ce ƙarya take. Ta ce ya tambaye ni.

Na ja kujerata kusa, domin ƙarshen wannan labarin ni na fi ta sani. Ottar ne ya ɗauko tsani.