Jakar Goggo Ladi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin nan na unguwar Alabar ba, ranar da jakar hannu ta kusa mayar da ni bauta.

Goggo Ladi ƙanwar babana ce. Ita ta riƙe ni, kuma a shagon ɗinkinta na unguwar Akwatialine na ƙarar da ƙuruciyata. In ɗinki ya yi kyau, hannunta ne. In ya ɓaci, ni ce. Da safe ta zage ni tas a gaban kwastoma, da yamma ta fashe da kuka wai na tayar mata da hawan jini, ni kuma in durƙusa in ba ta haƙuri. Har na kai ko abin da na gani da idona, in ta ce bai faru ba, sai in yarda. Da ƙyar na tattara kaina na bar ta, na buɗe ɗan shagona.

Wata kwastoma ce ta saka ni a wani guruf na waya, na waɗanda suka tsira daga hannun irin mutanen nan da ba sa ganin kowa sai kansu. Kowa da sunan ɓoye. Ni na zaɓi Zakanya. (E, ni ɗin nan da ko kaza ta harare ni sai na ce mata sannu.) Kafin ka ce me na zama malamar guruf. Duk wadda ta zo da kuka, ni ce mai cewa, "Ki tsaya da ƙafarki, 'yar'uwa."

Sai ga bikin 'yar kawuna, kuma na san Goggo za ta je. Tsorona ɗaya ne: ta buɗe baki ta ce in koma shago, in kasa cewa a'a. 'Yan guruf suka yi ta gwaji da ni, wata ta zama Goggo, ni ina amsawa. Gaisuwa gajera, fuska ba yabo ba fallasa, in wuce. Maame, wata Ba'asantiya daga unguwar Atonsu da ta baro miji irin Goggo, ta ce za ta zauna a kan layin waya tana sauraro. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta. Ranar bikin na soke waya a ɗaurin zani, na bi da igiyar abin sauraro na kunne ta ƙarƙashin mayafi, na fita ina jin kaina kamar soja.

Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Goggo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta iso da leshinta da ƙamshinta, ko kallona ba ta yi ba, ta miƙo jakarta gefe kamar yadda ta saba.

Wallahi na karɓa. Hannuna ne ya tafi bai shawarce ni ba.

Ba ma karɓar kaɗai ba. Bin ta na yi. Ta gaisa da dangi ina baya, ta shiga fili ta taka rawa ina gefe rungume da jaka kamar jaririya. Ta nuna ni ga ƙawayenta ta ce, "Kun ga yarinyata ta dawo hayyacinta." Ni kuma, Zakanya guda, na yi murmushi.

"Zakanya, ya yi shiru," in ji Maame a kunnena. "Me kana yi?"

"Ina riƙe da jakarta," na raɗa.

Daidai nan aka kashe kiɗa, malam zai yi wa amarya addu'a. Goggo ta juyo ta ce, "Litinin ki zo da wuri, akwai ɗinkin Hajiyoyi." Na ji "to, Goggo" ya taso har maƙogwarona. Don in hana shi fita sai na fizgo jakar daga kafaɗata da ƙarfi. Ashe hannun jakar ya sarƙe da igiya. Igiya ta cire, waya ta faɗo ta koma lasifika, muryar Maame ta cika rumfa:

"Ajiye jaka nan! Kai ƙusa ne da za a rataya kaya?"

Malam ya tsaya da hannu a sama. Mata suka juyo da cokalin waakye, shinkafa da wake, a baki. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Goggo ta dafe ƙirji. "Wace ce wannan?"

"'Yar'uwata ce," na ce. Na ɗora jakar a cinyarta. "Ga jakarki, Goggo. Litinin ina da nawa aikin. Ba zan zo ba."

Kada ku ɗauka na fita da izza. Sai da na rusuna kafin na juya, har "yi haƙuri" ya suɓuce mini. A motar haya, trotro, na yi kuka har gida, don kunya da kuma haushin kaina.

Na so in fice daga guruf, amma na daure na faɗa musu komai. Ba wadda ta ce ina malantata. Wata ta ce ita sai da ta goge wa tsohon mijinta takalmi ranar da za su je kotu. Muka yi dariya har da hawaye, kuma tun ranar Ƙusa suke kirana.

Abin da na koya shi ne bakina ya riga hannuna warkewa, kuma hannun sai an bi shi a hankali. Yanzu in zan je biki, jaka biyu nake ɗauka, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Litinin ɗin nan kuwa, shagona na buɗe.